Tarin Mai Yawo

Jatau mai gurmi ya shekara arba'in yana yawon ba da labari gari-gari. Da hantsi ya sauka a kasuwar Laraba, amma bai gama baitin farko ba Lantana mai fura ta daka masa tsawa.

"Malam, tashi ka ba mu wuri! Kwaikwayon Mai Yawo kake yi."

Mai Yawo shi ne mawaƙin da kowa ke zaɓa a wasan kwamfuta na yaƙin aljanu da ake yi ta cikin tabarau, kuma doka ta hana a kwaikwayi muryarsa.

"Baiwar Allah, muryata ce," in ji Jatau. "Ita masu wasan suka naɗa a na'ura, yau shekara tara."

Sarkin kasuwa Barau ya ratso taron. "To, yi mana labarin Sarauniyar Rijiya. In kai ne, za mu gane."

Jatau ya kaɗa gurmi ya rera tiryan-tiryan. Da ya kai inda sarauniya ta leƙa rijiya, kowa ya yi tsit yana jira. Jatau ya ci gaba da rerawa abinsa.

"Maƙaryaci!" Lantana ta ce. "Na gaskiyar yana tari sau biyu a nan."

"Mura nake yi ranar da suka naɗa!"

Aka soma jifansa da ɓawon rake. Barau ya damƙi wuyan gurmin. "Baba, sake rerawa. In babu tarin, gurmin nan ya zama na hukuma."

Jatau ya dubi gurmin da mahaifinsa ya sassaƙa. Ya koma kan baitin rijiya, ya ƙaƙalo tari sau biyu.

Lantana ta taɓe baki. "Nasa ya fi."