Bututun da Ta Yanke

"Ajiye makullin, ki fita!"

Farfesa ne ke daka wa ma'aikaciyar ɗakin gwaji tsawa a gaban ɗalibai. Ta dangwarar da makullin.

Shekara ashirin da biyu tana kula da na'urar da ke rarrabe sinadarai da lantarki a cikin bututu siriri kamar gashin kai. Littattafai sun ce dole bututun ya yi tsawo. Ita kuwa bara ta yanke shi gida biyu, ta zagaye shi da ruwan sanyi, gwajin awa guda ya koma minti bakwai. Ladanta takardar gargaɗi, wai ta ɓata kayan aiki.

Yanzu ga shi Farfesa ya kai sabuwar ƙirar bututun an yi mata rajista da sunansa shi kaɗai. Da ta yi magana, ya kore ta. Sai ta kai ƙara gaban kwamitin bincike na jami'a.

"Baiwar Allah, wankin kwalabe ne aikinki," in ji lauyan Farfesa yana murmushi. "Ina shaidarki?"

"Mutum ɗaya ne," in ji ta, "kuma babban malami ne."

Ta zaro takarda daga jaka. Shugaban kwamiti ya karanta da ƙarfi: "Ta yanke bututun bisa ra'ayin kanta, ba da sanina ba. Babu hannuna a wannan shirme."

A ƙasa ga kwanan wata, ga hatimi, ga sa hannun Farfesa.

Ta dube shi. "Ranka ya daɗe, ai kai ka ce in adana ta, ta zame mini darasi."