Maɓallin Baba

Mun baro Agyaragu ke nan za mu asibiti a Lafia, sai motar Baba ta yi tari ta mutu. Na murɗa makulli har yatsuna suka yi zafi. A kujerar baya Baba na kwance a cinyar Mama, numfashinsa na fita da ƙyar.

Tsohuwar motarsa ce, ta girme ni. Bai taɓa barin kowa ya riƙe sitiyarinta ba, sai yau da ya faɗi a gona.

Wani makanike ya taso daga gindin mangwaro. Ya duba batir, ya kwance fulogi, ya tsotsi tiyon mai, ya tofar.

"Malam, ba abin da ya sami motar nan," ya ce. "Direbobin dā suna ɓoye maɓalli a mota saboda ɓarayi. In ba ka danna ba, kana ɗan yin nisa mai zai yanke. Ɓarawo ta ɗauke ka. Tambayi mai ita inda ya sa."

Na juya. "Baba, ina maɓallin yake?"

Mama ba ta ɗago ba. Ta riga ta cire mayafinta, tana lulluɓe masa fuska.