Lodi Daga Karmo

"Ƙara matsawa, Badaru! Rabin kayan nan ya kusa zubewa a titi."

Oga Shafi'u ne ke magana, dillalin tsofaffin kwanon rufi da ƙofofi. Igiyar motarsa ce ta tsinke a hanyar Gwagwa, ya kira Badaru daga tasha, don a wajen ɗaure kaya babu kamarsa.

Badaru ya wurga bel ɗin ɗaure kaya ta saman lodin, ya maƙala ƙugiya, ya kama ƙarfen matsewa. Ƙat, ƙat, ƙat, har kwanukan suka yi ƙara. Ya ɗaure na biyu da na uku, yana gumi.

"Oga, ina ka samo kaya haka?"

"Karmo. Rusau aka yi da safen nan. Kafin mutane su gama kuka yarana sun gama lodi." Ya yi dariya.

Badaru ya hau sama da bel na ƙarshe. Sai hannunsa ya tsaya. Wata koriyar ƙofa ce a ƙarƙashin ƙafarsa, da sakatar da shi ya ƙera mata da kansa.

"Masu gidan nan fa?" ya tambaya a hankali.

"Oho! Wata mai ciki ce, tana zaune a kan bulo tana ta kiran mijinta. Sakaran bai ko ɗauka ba."

Badaru ya zaro wayarsa daga aljihu. Kira goma sha tara, duk daga matarsa Hajjo.

"Ajiye wayar nan ka matse ƙofar," in ji Oga. "Ita ce mai tsadar."