Mai Zama a Ɗakin Tagulla

Batulu na goge gilashin akwatin tsabar kuɗin tagulla aka zo aka faɗa mata hukumar birni za ta rufe ɗakin a ƙarshen hunturu, a kwashe kayan zuwa wani sito a Birmingham. Ta ce to, ta ci gaba da gogewa. Abokan aikinta a gidan tarihin sun tafi ɗaya bayan ɗaya, har sallama ta daina yi mata ciwo.

Tsabar ta Rumawan da ce, ta kusa shekara dubu biyu. A kanta Batulu ta yi digiri a jami'ar da ke Edgbaston kafin ta samu aikin nan a Manchester.

Mutum ɗaya ne ke zuwa kullum: Malam Halliru, wani dattijo daga unguwar Old Trafford, da baƙar kwat ɗinsa a goge. Da an buɗe ƙofa yake shigowa, ya zauna a bencin da ke jikin akwatin, sai an tashi. Bai taɓa rubuta komai ba. Ta ɗauka irin masanan nan ne da komai ke kansu.

Takan nuna masa fuskokin sarakunan, kowanne da kambin ganye, haɓa a ɗage. A bayan wata tsabar akwai mace riƙe da zangarniyar alkama. Ta ce masa sarki ke sa a buga ta don talakawa su yarda hatsi na nan tafe. Ya gyaɗa kai, ido a lumshe, ya ƙara miƙe ƙafafunsa.

Da aka sa ranar sauraron ra'ayin jama'a kan rufe ɗakin, sai wani abu ya ɗan motsa a ranta. In masani kamarsa ya miƙe ya yi magana, wataƙila a bar ɗakin, a bar mata aikinta. Ta roƙe shi.

Ya gyara zama, ya ce:

"'Yata, ni direban bas ne, tun bara aka sallame ni. Ban san ko ɗaya daga cikin sarakunan nan ba."

"To Baba, me kake zuwa kallo?"

Ya sunkuyar da kai.

"An yanke mini gas ɗin ɗumama ɗaki a gida. Duk unguwar nan, a ƙarƙashin bencin nan ne kawai hita ke kunne, kuma ba mai cewa in tashi."