Faransar Baba a Umm Salal

Korona ta cinye mana hutun da za mu yi a wani ƙauyen Faransa, amma Baba injiniya ne, ba ya yar da jadawali. Ya loda mu a mota daga Doha zuwa wata gona a Umm Salal, takardar a hannunsa.

"La'asar, hawan keke cikin furanni," ya karanta.

Rana na dukan ƙeya, takunkumina ya jiƙe sharkaf, ba fure ko ɗaya sai warin awaki.

Na ce, "Baba, nan fa ba Faransa ba ce!"

"Yalla, hau keke. Ƙauye ai ƙauye ne."

Bara na je ƙauyen Faransan. Warin awaki ne ya tarbe ni. Har yau ban gaya masa ba, don ba zan iya da dariyarsa ba.