Zaren da Ke Cikin Ruwan Cuku

Hansatu, kin ce za ki ajiye aikin binciken nan naki, don ba za ki iya renon irin zaren da ya cinye tunanin babanki a ɗakin gwaji ba, wannan da kuke kira amiloyid. Na ji ki, 'yar nan. Ni ce na zauna da shi har ranar da ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Amma bari in ba ki wani misali tukun.

An yi wata mai cuku a wani ƙauye kusa da ramukan zinariya. Kullum in ta matse cukunta, ruwan nan mai ɗan tsami da ke tsatsafowa sai ta watsar da shi bayan danga. Rijiyar garin kuwa gubar dalma daga ramukan ta shige ta. Ruwan garau a ido, ga sanyi, amma yara na sha suna langaɓewa kamar shukar da rana ta doka, har da autar mai cukun. A gidan kuma akwai tsohuwar uwarta wadda ta manta sunan kowa. Likita ya taɓa ce musu wasu zaruruwa ne da ido ba ya gani suka cukuikuye a cikin kanta. Abu ɗaya bai bar tsohuwar ba, shi ne kaɗi. Ta yini a gindin ɗorawa, mazari na juyawa, tana murmushi ga mutanen da ita kaɗai ke gani. Ana nan sai wata baƙuwa mai bincike ta sauka garin, ta roƙi a riƙa tara mata ruwan cukun. Ta ce in an dafa shi da tsami a hankali, wasu siraran zaruruwa kan fito, waɗanda gashin jariri ma gungume ne a kusa da su. A haɗa su da gawayi a yi mataci, in ruwa ya ratsa sai su cafke dalmar su riƙe. Da gaskiyarta ta ƙara da cewa dangin zaren nan ne da ke kan tsohuwa, kamanninsu ɗaya, amma wannan na nono ne, kuma a mataci zai zauna. Mai cuku ta ji kamar an zuba mata garwashi. Wato ta ɗauki abin da ya sace mata uwa ta sa a bakin tulun 'ya'yanta? Daga ranar ta daina watsar da ruwan bayan danga, ta haƙa rami tana binne shi, kada ma wani ya kai wa baƙuwar.

Auta kuwa sai ƙara yaushi take, ta daina bin 'yan'uwanta wasa. Wata la'asar, rana ta yi ja, inuwar ɗorawa ta miƙe har bakin ɗaki, mai cuku na zaune da yarinyar a cinya, tsakanin barci da farke. Sai ta ga zaren da tsohuwa ta bari a ƙasa ya harɗe ƙafar wani ɗan tsako, yana ta fafutika. Tsohuwa ta sunkuya, ta warware shi sili-sili, ta saki tsakon, ta naɗe zaren a mazari kamar ba a yi komai ba. Mai cuku ta dubi zanen da ta lulluɓe auta da shi. Kaɗin tsohuwar nan ne, daga wannan audugar, masaƙi ya jera shi ya zama sutura. Ta daɗe tana kallon zaren ƙasa da zaren zane, ba ta ga abin da ya raba su ba sai hannun da ya bi ta kansu. Washegari ta aza ƙwaryar ruwan cuku a ka, ta nufi masaukin baƙuwa. Ba a rana ɗaya aka ga sauyi ba, sai da aka haɗa da magani da addu'a. Amma kafin kaka auta ta tashi, tana ɗebo ruwa daga tulu mai baƙin mataci a baki, tana kai wa kakarta, kakar na karɓa tana sa mata albarka da sunan wata.

To, Hansatu, ban ce zuciyarki ba za ta yi zafi ba in kin leƙa madubin nan naku mai ƙara girman abu kin ga zaren. Ki yi bismillah ki leƙa. Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, wani lokaci ma a bayan dangar mutum yake ajiye shi. Shekara da shekaru matar nan tana zubar da maganin rijiyarta da hannunta. Kada ki zubar da naki kina kuka. Hausawa sun ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.