Ƙudajen Mushe Gado

Gado ya buɗe ɗan akwatin ƙarfen a bakin tabki, ya tsaya yana kallon ƙudaje ashirin da huɗu da ke jere a ciki. Ba ƙudajen gaske ba ne. Ƙugiyoyin fatsa ne da aka naɗe da gashin tsuntsu da zare, wasu jajaye, wasu baƙaƙe, wasu ruwan toka, har da wani mai sheƙi kamar ɗan kunne.

Baturen da ke duba hanyoyi ne ya bar masa su, tare da doguwar sandar fatsa, ranar da zai koma Faransa bayan an samu 'yancin kai. Ya ce da su ake kama wani kifi na ruwan duwatsun ƙasarsu. Ya nuna masa yadda ake kaɗa zaren gaba da baya a sama kafin a wurga, ya ce duk sirrin yana wurin zaɓen ƙuda. Wanne ake zaɓa kuwa, har mota ta tashi bai faɗa ba.

Gado akawu ne a biro, wato ofishin gwamnati na Dogon Dutsi, inda ake ce masa Mushe, wato Malam da Faransanci, ko tarwaɗa bai taɓa kamawa ba. Sai dai bakinsa ya jawo masa. A gaban ma'aikata ya shaida wa sabon kumandan, mai mulkin yankin, cewa ya ƙware a kamun kifin Turawa. Kumandan ya ce to kifin farko nasa ne. Tun daga nan kowace Litinin sai ya tambaya, sauran akawuna suna danne dariya, ga shi kuma a lokacin ake neman wanda za a ba kujerar babban akawu.

Tabkin ƙarami ne, a bayan gari, bakinsa a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Babu masunci ko ɗaya a wurin, abin da Gado ya ɗauka sa'arsa ce.

Ya ɗan gwada kaɗa sandar, ya koma yana juya akwatin, sai ya ji murya daga gindin wata aduwa. Wata tsohuwa ce, Inna Kaltume, mai gonar hatsin da ke dab da ruwan. Ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, da wani gwangwani mai tsakuwa a gefenta. Ta daɗe tana kallon yadda sandar ke kai da komowa a sama.

"Mushe, ba nan kihin yake ba," in ji ta. "Matso nan wajena. Shekara bakwai na yi a Gaya, bakin Kwara, na san halinsu."

Gado ya matsa, ya miƙa mata akwatin da ladabi. Ta duba, ta nuna jan ƙuda. Ta ce a ba shi mako guda cur, don kifi ba ya saurin yarda da baƙo. Ta ƙara da cewa da sassafe da kuma bayan la'asar suke jin yunwa, kuma farar riga mai faɗi tana jawo su.

Haka aka yi. Gari na wayewa Gado yana can da farar rigarsa ta Juma'a, yana kaɗa sanda, zare na feɗuwa a sama. An tashi daga biro yana can. Ran Lahadi a can yake wuni. Jan ƙuda bai kama komai ba, Inna Kaltume ta ce laifin hannu ne, ya riƙa buɗawa sosai, yana ɗan yin tsawa idan zai wurga.

Baƙin ƙuda ya ci makonsa. Mai sheƙi ya ci nasa, ya tafi da hular wani makiyayi da ya zo wucewa. Matar Gado, Dije, ta gaji da ajiye mai da albasa, ta koma miyar kuka.

A mako na huɗu aka kai kan ruwan toka. Ran farko ya kamo kwaɗo. Ran na biyu ya kamo tsohon takalmi, ran na uku ya kama kunnen Gado, sai da wanzami ya cire. Gado ya rubuta a littafinsa cewa wannan shi ne ƙudan da ya dace da mai koyo, domin babu abin da ba ya kamawa.

Ranar da aka fara yankan hatsi, Inna Kaltume ta dubi ruwan, ta girgiza kai.

"Ka makara da kwana biyu, ɗana. Sun nutse ƙasa. Sai baɗi kuma."

Litinin Gado ya kai wa kumandan rahoto mai shafi uku kan zaɓen ƙuda. Kumandan ya karanta tsaf, ya yaba kyan rubutun, ya ce maganar kujera ma sai baɗi, tare da kifin.

Ran Juma'a Gado yana ɗaki yana goge ƙugiyoyinsa, ya ji sallama a tsakar gida. Inna Kaltume ce da jaki, tana sauke damin hatsi biyu manya. Dije ta tambaye ta na mene ne.

"Rabon maigidanki ne, ɗiyata," in ji tsohuwar. "Ramin nan bara aka haƙa shi don tubalin makaranta, kihi bai taɓa shiga ba. Amma tun ranar da Mushe ya soma kaɗa sandar nan, ko tsuntsu ɗaya bai sauka gonata ba."